Darasin da ɓeraye suka koya wa masana kan tsirowar ƙashi da guringuntsi

Ƙashi idan ya karye yakan haɗe cikin 'yan makonni, amma guringuntsin da ke lulluɓe kan ƙasusuwa a gaɓoɓi idan ya zaizaye, da wuya ya dawo. Wannan zaizayewa ce tushen amosanin gaɓoɓi da ke hana dattawa da dama durƙusawa ko hawa bene. Binciken da ake yi a kan ɓeraye ya fara nuna hanyar magance matsalar.

A cikin ɗan tayin ɓera, kamar na ɗan Adam, yawancin ƙasusuwa da guringuntsi suke farawa, sannan ƙashi ya maye gurbinsa sannu a hankali. Masu wannan aiki su ne wasu ƙwayoyin halitta na asali, waɗanda ba su riga sun zama ƙashi ko guringuntsi ba, sai umarnin da suka samu ya raba musu hanya. Sinadarin Sox9 ke kai su ga zama guringuntsi, Runx2 kuma ga zama ƙashi. A 1997 masana suka samar da ɓerayen da ba su da Runx2. An haife su ba tare da ƙashi mai tauri ba, suka mutu nan take saboda kasa numfashi.

A 2015 ayarin Charles Chan da Michael Longaker na Jami'ar Stanford da ke Amurka ya ware ƙwayar asalin da ke haifar da ƙashi da guringuntsi da saƙar da ke riƙe ɓargo a jikin ɓera. A 2018 suka gano takwararta a jikin mutum.

Sai a 2020 suka gwada amfanin ilimin. Suka yi ƙananan huji a ƙashin gaɓar ɓera don tada waɗannan ƙwayoyi. Hujin kaɗai yakan samar da guringuntsi mai kama da tabo, marar ƙarko. Da suka ƙara sinadarin BMP2 don fara ginin ƙashi, suka kuma toshe VEGF mai jawo jijiyoyin jini, sai ginin ya tsaya a matakin guringuntsi, mai kama da na ainihi.

Sai dai gwiwar ɓera ba ta ɗaukar nauyi irin ta mutum, kuma wannan hanya ba ta zama magani a asibitoci ba tukuna. Don haka mai fama da ciwon gaɓoɓi ya yi hattara da masu tallar allurar da wai ke tsirar da sabon guringuntsi.