Gargaɗi ga mahaya babur: iskar bazara ba fifita ba ce

Jama'a, bazara ta kama, kuma wannan kira ne ga duk wanda babur ne ƙafarsa: 'yan kabu-kabun Agadas da Tawa da Damagaram, 'yan acaɓan Sakkwato da Katsina, masu kai kaya ƙauyuka ran kasuwa, da samarin da ke bin hanyar Arlit ko su nausa cikin hamada wajen haƙar zinariya. Daga watan Maris zuwa Yuni rana ba ta da sauƙi a yankinmu. A Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, a Bilma kuwa an auna 48.2 a Yunin 2010. A inuwa fa ake wannan awo. Wanda ke bisa kwalta, inji na huci tsakanin ƙafafunsa, abin da yake sha ya wuce haka.

Babban abin da ke yaudarar mahayi shi ne iska. Mutum ya ji zafi ya dame shi, sai ya tuɓe riga ya bar singileti, ya rataye hular kwano a hannun babur, ya ƙara wuta don iska ta kaɗa shi. A lokacin sanyi ko damina dabarar tana ci. A bazara kuwa ita ce ke kayar da mutane. Zafin fatar ɗan Adam bai cika wuce digiri 35 ba. Muddin iska ta fi fata sanyi, za ta kwashe zafin jiki ta tafi da shi. Amma da zarar ta fi fata zafi, sai lamarin ya juye, ta riƙa ɗura wa jiki zafi, kamar wanda ya tsaya a bakin tandar gidan burodi. Ƙarin gudu ƙarin zafi ne. Gumi kuma yana bushewa tun kafin ka gan shi, ka ɗauka ba ka zufa, alhali lita guda ko fiye na barin jikinka a kowace sa'a.

Ku dubi Abzinawa. Sun gaji hamada kaka da kakanni, kuma ba za ka ga ɗayansu ya tuɓe don zafi ba: riga mai yalwa har wuyan hannu, rawani ya rufe kai da wuya da baki. Ka yi koyi da su. Sa riga mai dogon hannu, sakakkiya, mai hasken launi. Jiƙa ta ciki sharkaf, ka ɗora wata a kai don kada ta bushe nan take, ka naɗa jiƙaƙƙen ƙyalle a wuya. Hular kwano ta zauna a kai, domin inuwa ce ga ƙwaƙwalwa kafin ma a zo batun haɗari. A sa takalmi rufaffe. Kwaltar azahar tana ƙona fata idan aka faɗi.

Sai ruwa. Kada ka jira ƙishirwa, domin kafin ta zo jiki ya riga ya yi asara. Ka sha ka ƙoshi kafin ka tayar da babur, sannan ka riƙa tsayawa kana kurɓa a kai a kai. Jarkar da aka naɗe da jiƙaƙƙen buhu tana riƙe sanyi kamar salka. Gumi yana tafiya da gishirin jiki, saboda haka a doguwar tafiya a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Fitsarinka zai gaya maka gaskiya. In ya yi ja ya ragu, ko ka wuni ba ka yi ba, ƙodarka ce ke kuka.

Masu shiga sahara, ruwan da kuka lissafa na tafiya ne kawai. Ina na ranar da babur zai mutu? A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92, yawancinsu mata da yara, a arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Mota ke nan, balle babur da ba shi da rumfa. Kada mutum ya shiga shi kaɗai. A sanar da na gida hanyar da aka bi da lokacin da ake sa ran isa. In babur ya tsaya cak da rana, a kafa inuwa da bargo ko tabarma a zauna, kada a kama tafiyar ƙasa sai rana ta yi sanyi. Iskar taya kuma da safe ake duba ta. Sassaucin taya a kan kwalta mai zafi shi ke kawo fashewa.

A fita da asuba, a yada zango kafin azahar, a tashi bayan la'asar. Na san ɗan acaɓa zai ce balas ba ya jira, gida ma ba ya jira. Gaskiya ne. Shi ya sa nake roƙon iyayen gida masu ba da babura su sassauta a watannin nan. Abin da ba zan yi wa uzuri ba shi ne tramol da sauran ƙwayoyi. Suna rufe gajiya da ciwon kai, wato ƙararrawar da jiki ke kaɗawa, mutum ya yi ta gudu har ya kife. Idan doguwar tafiya ta faɗo cikin azumi, shari'a ta yi wa matafiyi rangwame ya sha ya rama. A tambayi malamai, kada a kashe kai. Uwa mai goyo a bayan babur ta riƙa duba jaririnta, don yaro da tsoho da mai ciwon suga ko hawan jini sun fi saurin galabaita.

Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ɗaurewar jijiyar ƙafa, kasala: ko ɗaya ka ji, sauka ka nemi inuwa, ka sha ruwa, ka jiƙa jiki. Kada ka ce bari in ƙarasa, saura kaɗan.

In kuwa abokin tafiya ya fara sambatu, yana tangaɗi, bai san inda yake ba, jikinsa ya yi rau, ko ya suma, to zafin cikinsa ya kai wajen digiri 40, kuma rai na iya fita cikin ɗan lokaci. Sau da yawa sai a ce gamo ya yi da tsakar rana, a kewaye shi ana tofi. A yi addu'a, amma hannu na aiki. A kai shi inuwa, a sassauta tufafinsa, a kwarara masa ruwa a kai da wuya da hammata da matsematsi, a yi ta fifita. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki, zai shaƙe. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi. A garzaya da shi asibiti mafi kusa, ana ci gaba da jiƙa shi a hanya.

Shugabannin tashoshin babura, don Allah ku ajiye randa da rumfa a kowace tasha. Limamai ku faɗa bayan salla. Wanda ya karanta kuma ya karanta wa ɗan'uwansa da bai iya karatu ba, yau ɗin nan, kafin ya hau babur.