Na'urar Ajiye Wuta Ta Kwamfuta: Inda Masu Shaguna A Gwallameji Ke Tafka Asara

Bauchi – Unguwar Gwallameji da ke gefen hanyar Dass na daga cikin wuraren da sana'ar kwamfuta ta kafu sosai a birnin Bauchi, kasancewar nan ne mazaunin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya wadda aka kafa a shekarar 1979, ga kuma harabar Yalwa ta Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ba da nisa ba. Ɗaliban waɗannan makarantu su ne kasuwar shagunan da ke buga takardu, da ɗaukar fotokwafi, da cike fam ta intanet, da shirya kundin kammala karatu. Ɗauke wuta na daƙiƙa ɗaya tak ya isa ya shafe aikin sa'o'i uku, ya jawo rigima da ɗalibin da ke da wa'adin miƙa kundinsa washegari, wani lokaci ma ya lalata ma'ajiyar bayanan kwamfutar baki ɗaya.

Matsalar ba sabuwa ba ce. An kafa Hukumar Wutar Lantarki ta Ƙasa, wato NEPA, a shekarar 1972, aka sauya ta zuwa PHCN a 2005, sannan a ranar 1 ga Nuwamba, 2013 aka miƙa harkar rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu, inda Jihar Bauchi ta faɗa ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Jos tare da Filato da Gombe da Binuwai. Sunan ya sauya sau biyu, amma a bakin jama'a har yau NEPA ce ke ɗauke wuta. A ƙarshen watan Oktoba na 2024, lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa ta jefa akasarin jihohin yankin cikin duhu na fiye da mako guda. Janareta kuwa, wanda a da shi ne madogara, ya zama abin tsoro tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, har lita ta haura Naira 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024. Wannan ne ya sa hankalin 'yan kasuwa ya koma kan batir.

To amma a nan ake samun ruɗani na farko, wanda kuma shi ne tushen yawancin asarar da ake yi. Ƙaramar na'urar ajiye wuta da ake ajiyewa kusa da kwamfuta, wadda aka fi sani da UPS, ba janareta ba ce, kuma ba inbata ba ce. An ƙera ta ne don ta riƙe kwamfuta na 'yan mintoci, gwargwadon yadda mai aiki zai adana abin da yake yi ya kashe na'urarsa cikin tsanaki, ko kuma yaron shago ya fita ya tayar da janareta. Inbata mai manyan batura ita ce ake haɗawa don ta ɗauki shago na sa'o'i. Wanda ya sayi ta farko ya ɗora mata aikin ta biyu, ba zai daɗe ba zai koma kasuwa.

Yadda take aiki ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba. A cikinta akwai batir, da abin cajinsa, da sashen da ke juya wutar batir zuwa irin ta gida mai ƙarfin bolt 230, sai kuma makunnin da ke lura da layin waje. Da zarar wuta ta ɗauke, makunnin zai sauya zuwa batir cikin ƙasa da kashi 10 cikin 1,000 na daƙiƙa ɗaya, kwamfutar tebur kuwa na iya jure giɓin da ya ɗan fi haka ba tare da ta mutu ba. Iri uku ake samu. Mafi araha tana jira ne kawai har wuta ta ɗauke ko ta yi rauni, sai ta koma kan batir. Ta biyu tana da abin daidaita ƙarfin wuta a cikinta, yadda idan wutar ta zo ba cikakkiya ba za ta ɗaga ta ba tare da ta taɓa batir ba. Ta uku, wadda bankuna da asibitoci ke amfani da ita, kullum ta cikinta wuta ke bi, saboda haka babu giɓi ko kaɗan, sai dai tsada. A unguwa mai cunkoson gidajen haya, inda na'urar rarraba wuta ɗaya ke ɗauke da kaya masu yawa kuma wuta kan yi rauni da daddare, ta biyun ce ta fi dacewa. Ta farkon za ta yi ta zuƙe batirinta alhali ga fitila tana ci.

Lissafin da ba a rubuta a kan kwali

Babbar lambar da ake bugawa a jikin kwalin, alal misali 650VA, ba ita ce ainihin nauyin da na'urar ke ɗauka ba. A ƙananan na'urori, wat ɗin da za a samu bai fi kimanin kashi 60 cikin 100 na wannan lamba ba, wato wat 360 zuwa 390. Kuma ko wannan bai kamata a cika shi taf ba. A bar kashi ɗaya cikin huɗu a matsayin rara. Kwamfutar tebur ɗaya ta aikin ofis tare da allonta kan ci wajen wat 100 zuwa 150. Ke nan na'ura mai lamba 650 ta kwamfuta ɗaya ce, idan an matsa biyu, ba ta jerin kwamfutoci huɗu da aka tara a kan soket mai baki da yawa ba.

Lissafin lokaci ya fi wannan ban mamaki. Batirin da ke cikin irin wannan na'ura yawanci mai bolt 12 ne da ƙarfin 7Ah, wanda a takarda zai riƙe kayan wat 150 na fiye da rabin sa'a. A aikace kuwa kimanin minti goma ake samu, kuma da sabon batir ke nan. Dalili shi ne batirin dalma, wanda wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro tun 1859, ba ya ba da duk abin da ke cikinsa idan aka zuƙe shi da sauri, ga kuma wani kaso da ke salwanta a matsayin zafi wajen juya wutar. Cika shi kuma yakan ɗauki sa'o'i shida zuwa takwas. Idan aka kawo wuta ta sa'o'i biyu aka sake ɗaukewa, batirin bai cika ba, kuma maimaita hakan kullum yana rage masa kwana.

Akwai na'urori biyu da ba a jona su da ƙaramar UPS ko da wasa, kuma su ne suka fi yawa a shagunan Gwallameji: injin fotokwafi da firinta mai amfani da garin tawada. Dukkansu suna da wani sashe da ke ɗaukar zafi don manne tawada a kan takarda, kuma a lokacin da yake ɗumama yakan ja wat 1,000 ko fiye a tashi ɗaya. Sakamakon shi ne na'urar ta yi ƙara ta mutu, ta tafi da kwamfutar da aka saye ta don karewa. Haka batun yake ga dutsen guga, da hitar ruwa, da firji.

Zafi, maƙiyin da ba a gani

Masu ƙera batura suna auna tsawon rayuwarsu ne a yanayi mai digiri 25, inda suke ba su shekara uku zuwa biyar. Ƙa'idar da aka sani a wannan fanni ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana raba rayuwar batirin biyu. A Bauchi kuwa zafin rana a watannin Maris da Afrilu kan tunkari digiri 40, balle a cikin shagon kwantena ko mai rufin kwano maras silin. Batirin da aka yi tsammanin zai shekara huɗu zai iya ƙarewa cikin shekara biyu ko ƙasa da haka, sai mai shago ya ɗora laifin a kan wanda ya sayar masa. Wani lokaci yana da gaskiya, domin jabu da tsofaffin kaya da suka daɗe a sito ba su ƙare a kasuwa ba, abin da ya sa duba ranar ƙira kafin biyan kuɗi ya zama wajibi. Amma sau da yawa wurin da aka ajiye na'urar ne ya kashe ta.

Ta fuskar lissafin kasuwanci, wannan na nufin batir ba jari ne da ake sakawa sau ɗaya ba, kayan da ke ƙarewa ne kamar takarda da tawada. Mai shagon da ya cusa na'urarsa ƙarƙashin tebur a jikin bangon da rana ke duka, ya ninka wa kansa kuɗin batir na kowace shekara ba tare da ya sani ba. Wanda bai saka wannan kuɗi a farashin buga shafi ɗaya ba kuwa, yana cin uwar kuɗinsa ne yana zaton riba ce. Maganin ba ya cin ko kwabo: a ɗora na'urar a kan katako ko benci saboda ruwan sama da na shara, a bar mata tazarar tafin hannu ta kowane gefe, kada a ɗora takardu a kanta, a kuma riƙa share ƙurar hunturu daga kafofin shan iskarta.

Sabuwar na'ura tana buƙatar cajin aƙalla sa'o'i takwas kafin a ɗora mata kaya, kuma wasu sukan zo da wayar batir a cire saboda tafiya, sai an haɗa. A jona ta kai tsaye da soket ɗin bango mai baki uku. Baki na ukun nan, wanda ke sauke wuta cikin ƙasa, shi ne ake yawan yin sakaci da shi a gine-ginen haya, alhali idan babu shi kariyar da na'urar ke bayarwa daga wutar da ta zo da ƙarfi ta ragu ƙwarai, kuma jikin kwamfuta na iya jan mutum. Ko da akwai shi ma, idan hadari ya haɗo da tsawa a damina, zare filogi daga bango ya fi kowace kariya. Ƙananan janaretoci kuma ba su cika ba da wuta mai tsayayyen bugu ba, shi ya sa ake jin na'urar tana ta ƙyas-ƙyas tana ƙin caji. A nan janaretan ne ke da matsala.

Dabarun da ke jawo gobara

Wata dabara da ta yaɗu ita ce a buɗe ƙaramar UPS a cire batirinta, a jawo wayoyi waje a haɗa da batirin mota ko wani babba domin ta daɗe. Tana daɗewa kam, kuma nan ne haɗarin yake. An ƙera cikinta ne don aikin mintoci, da yawansu ko fanka ba su da ita, saboda haka idan ta yi sa'a biyu tana aiki sai ta ɗauki zafin da zai narka waya a shagon da ke cike da takardu. Abin cajinta kuma ya yi ƙanƙanta da cika babban batir. Daɗin daɗawa, batirin mota ba a yi shi don a riƙa zuƙe shi ƙarƙaf ba, sannan batir mai ruwa yana fitar da iskar haidirojin yayin caji, wadda idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsi ɗaya ya ishe ta kamawa. Shagon da aka kulle da dare aka bar batir yana caji, babu taga, wuri ne da wannan iska ke iya taruwa.

Wanda ke buƙatar sa'o'i, inbata ce hanyarsa, kuma aikin haɗa ta na ƙwararre ne. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu haɗa wayoyin lantarki takardar shaidar ƙwarewa, kuma ba laifi ba ne mai shago ya nemi ganinta. Abubuwa biyu ne ba a sassauci a kansu. Na farko, dole a sa makunnin sauya layi wanda zai raba wutar inbata da ta waje, in ba haka ba wutar shagon za ta koma kan layin unguwa ta kama ma'aikacin da ya hau turke yana zaton babu wuta, ko kuma inbatar ta ƙone idan aka kawo wuta. Na biyu, a sa fis tsakanin batir da inbata. Bolt 12 ba ya jan mutum, amma babban batir na iya narka sifana ko zoben hannu idan suka haɗa bakinsa biyu. Ya kamata kuma yaran shago su sani cewa na'urar ajiye wuta tana da wuta a cikinta ko an zare ta daga bango, kuma ba a kashe gobarar lantarki da ruwa, sai da yashi ko tukunyar kashe gobara mai hoda. Baturan litiyom da suka shigo kasuwa tare da kayan sola sun fi na dalma jure yawan caji da zuƙa nesa ba kusa ba, sai dai suna da tsada, kuma ba a saka su a na'urar da ba a yi cajinta dominsu ba.

Akwai wani abu da ya keɓanta da unguwannin ɗalibai, wato dogon hutu. Batirin dalma yana zubar da wutarsa a hankali ko ba a amfani da shi, kuma idan ya daɗe babu caji wani farin gishiri kan daskare a farantansa har ya daina karɓar wuta. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, lokacin da ya ishi batirin da aka kulle a ɗaki mai zafi ya mutu murus. Mai rufe shago ya cika batirinsa, ya kashe na'urar, ya riƙa dawowa yana yi mata caji aƙalla duk wata uku. Gwajin lafiyarta kuma mai sauƙi ne: sau ɗaya a wata, bayan an adana aiki, a kashe makunnin bango a duba agogo. Idan mintocin sun ragu zuwa rabi, ko batirin ya kumbura, ko ana jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, lokacin sauyawa ya yi.

Mataccen batir yana da kuɗi saboda dalmar da ke cikinsa, shi ya sa 'yan gwangwan ke nemansa. Illar ita ce inda ake fasa shi. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen birnin Dakar na ƙasar Senegal, yara 18 ne suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 sakamakon gubar dalma daga fasa tsofaffin batura a cikin gidaje. A Nijeriya, hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta NESREA ta fito da dokoki na musamman kan batura a shekarar 2024, waɗanda suka shafi tattara su da sake sarrafa su. Ga mai shago a Gwallameji, hanya mafi sauƙi ita ce ya mayar da tsohon batirin a rufe yadda yake ga dilan da zai sayi sabo a hannunsa, ya nemi a rage masa kuɗinsa daga farashin.