Sayen Tarakta Bashi a Ƙasar Ruma: Wa Zai Ɗauki Asara?

Ƙasar Ruma, wato Batsari da Safana da ƙauyukan da ke bakin Dajin Rugu, ƙasar noma ce tun kaka da kakanni: gero da dawa da wake da gyaɗa, ga rogo da dankalin da suka yi wa Batsari suna. Ƙarfin wannan noma a wuyan shanun huɗa yake, kuma satar shanun da ta addabi yankin sama da shekara goma ta karya shi. Wanda aka kore wa bijimai sau ɗaya ba ya marmarin sake ɗaure wasu, domin turke a ƙofar gida ya zama abin da ke kiran ɓarayin daji cikin dare. Shi ya sa maganar ƙaramar tarakta, da ɗan injin huɗa da ake bi a ƙafa, ta shiga bakin manoma masu ɗan hali da ƙungiyoyin gama-kai. Sai dai kuɗin saye lakadan ya gagara. Tun da aka saki Naira a 2023, dalar da ake canzawa a kusan Naira 460 ta haura 1,500 a cikin 2024, tarakta kuwa ko an haɗa ta a nan, sassanta daga waje suke zuwa. Dole a koma ga bashi, kuma babu tallan da ya kai "biya kaɗan-kaɗan, babu ruwa" daɗin ji.

Wannan salon ciniki ya daɗe a Amurka. Kamfanoni irin su Kubota da John Deere suna da nasu sashen ba da lamuni, sukan sayar da ƙaramar tarakta a biya cikin shekara biyar ko fiye ba tare da kuɗin ruwa ba. Amma sau da yawa wanda ya zo da kuɗi hannu akan yi masa rangwamen da mai bashi ba ya samu, kuma mai bashi dole ya riƙe inshora har ranar da zai kammala biya. A can ma ke nan ruwan yana nan, cikin farashi aka saka shi. Balle a Nijeriya, inda Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a Nuwamban 2024, na bankunan kasuwanci kuma ya fi haka. Dilan da zai ba ka tarakta ya jira shekara biyu, shi ma kuɗin wani ya ɗauka ya shigo da ita.

Hanyar gano ƙarin ba ta da wuya. Mai saye ya fara tambayar farashin lakadan, ya taya har a tsaya, kafin ya ambaci bashi. Mu ƙaddara, don misali kawai, an tsaya a Naira miliyan 20, a bashi kuma aka ce miliyan 24, da kafin alƙalami na miliyan 6, sauran 18 a biya dubu 750 duk wata har wata 24. Abin da aka ranta maka a zahiri miliyan 14 ne, za ka mayar da 18. Da yake bashin yana raguwa duk wata, wannan ƙarin na miliyan 4 ya yi daidai da kusan kashi 25 cikin 100 a shekara. Sai a ɗora kuɗin cike takarda, da na na'urar bin sawu, da na inshorar dole, sannan ainihin farashin ya bayyana.

Ƙarin ba lallai ne ya zama abin ƙi ba. Mafi yawan malamai sun halatta sayar da kaya bashi a farashin da ya fi na lakadan, muddin an tsayar da farashi ɗaya a lokacin ƙulla ciniki, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Jidda a 1990, tare da hana ƙara wa mai bashi kuɗi don ya yi jinkiri. A kan wannan ne bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJ da Lotus da suka biyo baya, suke gina cinikin murabaha: banki ya sayi kaya, ya faɗi ribarsa a fili, ya sayar maka. Tsayayyen farashi a Naira yana ma iya zama alheri ga manomi. A shekarar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8, kamar Disamban 2024, dubu 750 ɗin wata na ƙarshe ba ta kai ta watan farko nauyi ba, ga kuɗin huɗa yana tashi. Abin da ke rusa wannan alheri shi ne layi ɗaya a takarda da ke cewa za a sake duba farashi in dala ta motsa. Duk wanda ya ga wannan layi ya ajiye biro.

Sai lokacin biya. Tarakta a ƙasar Katsina tana samun babban kuɗinta ne a 'yan makonnin farkon damina, lokacin haro da huɗa, sai kuma dakon amfanin gona da kaka da kai taki da bazara. Biyan wata-wata tsarin ma'aikacin albashi ne. Kamfanin Hello Tractor, wanda ya fara a Nijeriya a 2014, ya fito da tsarin da ake ɗaura biya a kan yawan aikin da tarakta ta yi, na'urar da ke jikinta ce ke ƙirga kadada. Tunanin ya fi dacewa da manomi, amma na'ura da layin waya take aiki, kuma mutanen Batsari da Safana ba su manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar har tsawon watanni.

A ganina, a ƙasar Ruma maganar inshora ta fi maganar ruwa girma, kuma ita ce aka fi sa wa hannu ba a karanta ba. Ƙyamar da jama'a ke yi mata tana da tushe, domin Majalisar Fiƙihun nan ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, ta kuma nuna takaful a madadinta, inda masu shiga ke tara gudummawa a asusu ɗaya don tallafa wa wanda asara ta samu. Hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kamfanoni irin su Noor da Jaiz Takaful suna aiki, ga kuma NAIC ta gwamnatin tarayya da ke inshorar noma tun 1987. Mai saye na da haƙƙin tambayar dila ko zai karɓi takardar takaful a madadin kamfanin da ya zaɓa masa.

Kowace iri ce dai, shafin da ya fi muhimmanci shi ne na abubuwan da ba a biya. Takardun inshora a al'ada suna ɗaukar gobara da haɗari da sata, amma suna cire yaƙi da tarzoma da ta'addanci sai an sayi ƙarin kariya ta musamman. To, in mutane da bindigogi suka tare direba a gona suka ƙone tarakta, ko suka riƙe ta sai an kai kuɗi, wannan sata ce ko ta'addanci? Tambayar ba ta wasa ba ce, tunda gwamnatin tarayya ta ayyana 'yan bindigar daji a matsayin 'yan ta'adda a Janairun 2022. Amsar baki daga wakilin kamfani ba ta da amfani ranar neman diyya. A rubuta ta, a ambaci ƙaramar hukumar da tarakta za ta yi aiki da sunanta.

Akwai wasu abubuwa biyu da ke ba mutane mamaki bayan asara. Inshorar da mai ba da bashi ya wajabta, shi take fara biya, sai abin da ya yi saura ya iso ga manomi, bayan an cire kason da takarda ta ce mai kaya ne zai ɗauka. Sannan in an yi inshorar tarakta a kan miliyan 20, darajarta ta tashi zuwa 30 ba a sabunta ba, ɓarnar miliyan 6 za a biya ta miliyan 4 ne kawai. Shi kuwa direba, wanda ke zaune saman injin da ake jin ƙararsa daga nesa, sau da yawa babu sunansa a takardar ko kaɗan, alhali ransa ne ya fi shiga haɗari.

Asarar da ta fi yawan faruwa a bakin Rugu kuwa babu inshorar injin da ke rufe ta: tarakta lafiya lau a gida, amma gonaki ba su shiguwa, manoman da za su yi haya sun yi gudun hijira zuwa cikin garin Batsari ko Katsina, ga ranar biya ta zo. An yi sulhu da 'yan bindiga a Batsari da Safana a 2025, muna roƙon Allah ya ɗorar da shi, amma na 2019 bai yi ƙarko ba, kuma bashin tarakta damina biyu ko uku yake ci. Don haka sharaɗin ɗage biya ba tare da tara ba in rashin tsaro ya hana aiki, da bayanin abin da zai faru da kuɗin da aka riga aka biya in an karɓe tarakta, sun fi rangwamen miliyan ɗaya daraja. Gwamnatin jiha ma, da ta ɗauki nauyin ƙarin kariyar ta'addanci ga manoman ƙananan hukumomin bakin daji, da ta buɗe ƙofar da rabon injina kaɗai ba ya buɗewa. In dila ya ƙi rubuta sharaɗin jinkiri, kamfanin inshora kuma ya ƙi ambatar Batsari ko Safana a takardarsa, gara manomi ya ci gaba da hayar tarakta kadada-kadada a wannan damina, ya sake taya ciniki da kaka.