Ƙera Ƙaramin Samfurin Tashar Jirgin Ƙasa: Misali Daga Zariya

Gabatarwa

Kamar yadda yara a ƙasar Hausa kan ƙera motar kara ko ta langa-langa, haka a Ingila da Jamus manya kan ƙera samfurin tashar jirgin ƙasa a bisa tebur, da 'yan jirage masu tafiya da lantarki. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda ake tsara irin wannan samfuri a ɗan ƙaramin wuri ba tare da an yi wa tarihi ƙarya ba. An ɗauki tashar Zariya da ke Sabon Gari don misali.

Zaɓen Shekara

Matakin farko shi ne tsayar da shekarar da ake son nunawa, domin tasha takan sake kama da sakewar zamani. Dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911. A 1914 aka kammala wani siririn dogo daga Zariya zuwa Jos da Bukuru saboda jigilar kuza, aka kuma rufe shi a 1957. Reshen da ya bi ta Funtuwa da Gusau kuwa sai a 1929 ya kai Ƙaurar Namoda. Saboda haka wanda ya zaɓi 1950 yana da damar nuna duka ukun, amma wanda ya zaɓi 1960 ya kuma sa jirgin kuza a kan siririn dogo, to, ya shirga ƙarya. Tsofaffin hotuna da taswirori, da takardun ma'ajiyar tarihi ta Kaduna, da bakin dattawan da suka yi aikin reluwe, su ne madogara.

Ma'auni

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne 1 bisa 87, watau ƙafa 87 ta zahiri ta koma ƙafa ɗaya. Faɗin babban dogon Zariya ƙafa 3 da inci 6 ne, ko milimita 1,067, wanda in aka raba da 87 zai ba da 12 da 'yan kai. Siririn kuwa ƙafa 2 da inci 6 ne, ko milimita 762, wanda zai koma kusan 9. An yi dace, domin kamfanonin Turai suna ƙera 'yan dogaye masu faɗin milimita 12 da masu 9.

Taƙaitawa

A nan gizo ke saƙa. A wannan ma'auni mil guda zai ci ƙafa 60 da ɗoriya, alhali falanki mai tsawon ƙafa 8 bai wuce madadin ƙafa 700 ba. Tilas ne maƙeri ya rage tsawon dandamali da yawan layuka da taragai, ya bar abin da in babu shi tashar ta daina zama Zariya. A shekarar 1950 abin nan shi ne haɗuwar dogaye biyu masu faɗi daban, inda dole a sauke kaya daga wannan jirgi a loda wa wancan. Daɗin daɗawa, akan ɓoye 'yan layuka a bayan allo a ƙarshen falankin, inda jirgi zai shige kamar ya tafi Kano, a sake masa taragai, ya dawo kamar daga Gusau da auduga.

Gini

Akan kafa falankin a kan firam na katako don kada ya lanƙwashe. Sai a shimfiɗa dogo, a haɗa wayar lantarki mai ƙarfin bolt 12, a gwada tafiyar jirgi sau da yawa kafin a manna tsakuwa, domin gyara bayan manni wahala ne. Gine-gine kuwa da kwali ko siririn katako ake yin su, a yayyafa tankaɗaɗɗiyar jar ƙasa a fili.

Kammalawa

A taƙaice, ƙwarewar maƙeri tana ga sanin abin da zai zubar da abin da zai riƙe. Waɗanda suka ga jirgin kuza da idonsu sun tsufa ƙwarai, saboda haka mai niyyar wannan aiki ya kamata ya fara da zama a gabansu kafin ya ɗauki zarto.