A kai likita gidan matasa: shawara ga meri da iyaye

Kaka ta yi, an ɗaure dammuna an zuba a rumbu. Nan gaba kaɗan samari za su kama hanyar cin rani, wasu Kano da Ikko, wasu Abijan, wasu Libiya da Aljeriya, wasu kuma ramukan zinariya na jihar Agadas. Lokacin bukukuwan aure ma ke nan. Shi ya sa muka ga ya dace shafinmu na yau ya taɓo wata magana mai nauyi a baki, wato lafiyar samari da ƴan mata ta fannin jima'i da haihuwa, da wurin da ya kamata su riƙa samun magani.

Abin da ƙidaya ta nuna

Binciken lafiya da aka yi a ƙasarmu cikin 2012 ya nuna cewa a cikin mata 100 masu shekara 20 zuwa 24, 76 an yi musu aure kafin su cika shekara 18. A cikin ƴan mata 100 masu shekara 15 zuwa 19 kuwa, 40 sun riga sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. Ke nan in an ce matasa, da yawansu matan aure ne da ƙananan magidanta. Yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba, idan naƙuda ta yi mata tsawo a gida, kan jariri yakan danne mafitsara har ta huje. Wannan shi ne yoyon fitsari, wanda ake yi wa aiki a Yamai da kuma Danja kusa da Maraɗi.

Ciwon sida ya bayyana a Nijar a 1987. Binciken 2012 ya same shi a jikin mutum 4 cikin 1000 masu shekara 15 zuwa 49. Ban da shi akwai ciwon sanyi da tunjere. Ciwon sanyi yakan nuna kansa a jikin namiji da zafin fitsari da zubar mugunya, amma mace tana iya ɗauke da shi ba ta sani ba. In ya daɗe sai ya toshe hanyoyin da ƙwan haihuwa ke bi. Daga nan a ce juya ce, ko a ce aikin iska ne, alhali mijinta ne ya zo mata da shi daga tafiya. Tunjere kuwa yana kashe ɗa a cikin ciki, alhali allurar penisilin tana warkar da shi.

Me ke hana su zuwa likita?

Doka ba ta hana ba. Dokar lafiyar haihuwa ta 21 ga Yuni 2006 ta ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin samun kulawa a wannan fanni, kuma a shekarar ne gwamnati ta mayar da awon ciki da magungunan tazarar haihuwa kyauta. Kunya ce babbar katanga. Saurayi ya shiga gidan likita da safe, sai ya tarar da innarsa da goggonsa a layin awo da rigakafi. Mai yanka tikiti maƙwabcinsu ne. Da wane baki zai faɗi abin da ya kawo shi? Sai ya juya wajen mai tallar ƙwaya a tasha, ya sayi guda huɗu ya haɗiye. Mugunya ta tsaya, ƙwayar cutar tana nan, har ma ta saba da maganin ta daina jin sa. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma kuma ba a yin wanka a tsakiyar kasuwa.

Wurin da ba a tambayar mai shiga

Tun da matasa ba sa zuwa wajen majo, sai majo ya je wajensu. Wuri kuwa akwai shi. A Yamai akwai gidan matasa na Jado Seku, a Tawa na Albarka Cibau, a Maraɗi na Bawa Ɗan Wardanga, a Damagaram na Abdussalam Adam. A unguwanni da garuruwa da yawa akwai gidajen samariya tun zamanin Seyni Kunce. A ƙauye akwai ɗakin karatun manya. Wanda aka gani yana shiga irin wannan gida ba a tambayarsa dalili, domin ana zuwa ƙwallo, ana zuwa wasan kwaikwayo, ana zuwa ɗinki da karatu.

Fitar da maganar lafiya daga gidan likita ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Makarantar mazaje da aka fara a jihar Damagaram tana tara magidanta su tattauna lafiyar matansu. Shirin Illimin, da aka fara a 2013, ya tara ƴan mata a wurare na musamman cikin garuruwansu ana koya musu karatu da sanin jikinsu. Abin da ya rage shi ne wanda ya ji bayani ya samu awo da magani nan take.

Rabon aiki

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun zaɓen kwamin na 2004 garuruwa suka samu meri, kuma a 2016 gwamnati ta sanya kiwon lafiya cikin ayyukan da ta miƙa wa kwamin. A watan Afrilu na 2024 an rushe majalisun kwamin, an naɗa jagorori a madadin magadan gari. To, zaɓaɓɓe ne ko naɗaɗɗe, nauyin yana kan wanda ke riƙe da meri. Ga yadda muke ganin rabon ya kamata ya kasance, kuma a rubuce, kowa ya sa hannu:

1. Meri ta ba da ɗaki mai ƙofa da labule, da tebur, gado, ruwa da fitila, da kuɗin man babur na ma'aikaci. A rubuta kuɗin cikin kasafin shekara, kada aikin ya mutu ranar da wani furoje ya tashi.

2. Hukumar lafiya ta ba da majo da ungozoma, da kayan awon jini da magani. Littafin marasa lafiya ya koma gidan likita a hannun majo, kada ya kwana a gidan matasa.

3. Sarakuna, malamai da shugabannin mata su san da maganar tun farko, su zaɓi dattijuwa mai riƙon asiri da za ta riƙa tarbar ƴan mata.

4. Shugabannin fada su yaɗa rana da lokaci, rediyon gari ma ya faɗa.

A tsayar da rana guda a mako, da marece, bayan lakwal da kasuwa. A raba ranar mata da ta maza. A ƙara ranaku sau biyu a shekara: bayan girbi kafin tafiya, da gab da damina in ƴan cin rani sun dawo.

Abin da za a samu a ɗakin

Awon sida da na tunjere ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako yana fitowa cikin kamar minti 20. Wanda aka samu da sida za a haɗa shi da wurin karɓar magani, kuma kyauta ne. Mai ciwon sanyi ya sha magani tare da iyalinsa, su ƙaurace wa juna kwana 7. Amarya mai cikin fari ta samu bayani da takardar zuwa awo. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe a kai ta likita kafin awa 72, domin akwai maganin da ke tare sida a cikin wannan lokaci. Haihuwa da duk wani aiki mai nauyi na gidan likita ne.

Ga iyaye

Wani uba zai ce wannan koya wa yara lalata ne. Mun ji, kuma tsoron ba na banza ba ne. Sai dai a yau salula da abokan fada suna koya wa yaro abin da suka ga dama ba da izinin kowa ba. Majo zai faɗa masa cewa kame kai shi ne kariya mafi ƙarfi, sa'an nan ya warkar da wanda ya riga ya kamu, kafin ya kai wa ɗiyar wani ciwo a ɗakin aure. Tarbiyya tana nan a hannun iyaye da malamai.

Muna roƙon kowane ajin karatun manya ya karanta wannan shafi a bayyane, a tattauna. Daga nan a wakilta mutum biyu, mace da namiji, su kai maganar gaban kwamitin kula da gidan likita da kuma meri, tun samari ba su tashi ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.