Hirar Majalisa: Ra'ayi Daban, Labari Daban

Kowane gari yana da majalisarsa. Wata a gindin darbejiya take, wata a teburin mai shayi, wata a ƙofar gidan mai unguwa bayan sallar isha'i. Mata ma suna da tasu, a bakin rijiya da gidan biki. A nan ake tattauna tsadar taki, da halin 'yan siyasa, da maganar ɓarayin daji. Wannan hira abu ce mai kyau, kuma doka ta yarda da ita. Sashe na 39 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayinsa.

To, amma abu biyu ne suke fitowa daga bakin mai hira, kuma mukan haɗa su wuri ɗaya. Akwai ra'ayi, akwai labari.

Ra'ayi shi ne abin da mutum yake gani a ransa. Idan wani ya ce, "A ganina shugaban ƙaramar hukumarmu bai yi mana aiki ba," ra'ayinsa ne. Kana iya yarda, kana iya musu. Labari kuwa cewa ne wani abu ya faru. Idan aka ce an ga ɓarayi a bayan gari, to ko dai an gan su, ko ba a gan su ba. Babu "a ganina" a ciki. Ra'ayi iyakarsa gardama. Labarin ƙarya kuwa yakan ci rai.

Masu karatu da yawa za su tuna da daren gishiri. A watan Yuli na 2014 wani mutum ya sauka a Legas daga ƙasar Laberiya ɗauke da cutar Ebola. Hankalin jama'a ya tashi. Cikin watan Agusta sai wani saƙo ya bazu ta wayar hannu a dare ɗaya, wai a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha, kafin gari ya waye. 'Yan'uwa suka riƙa tashin juna daga barci. Ba da mugun nufi suka yi ba, kowa so yake ya ceci nasa. Amma gishiri ba ya maganin Ebola, kuma shansa da yawa haɗari ne, balle ga mai hawan jini. An ba da rahoton mutuwar mutum 2 aƙalla, aka kwantar da wasu a asibiti. Ita kanta cutar mutum 20 ta kama a duk Nijeriya, 8 suka rasu, kuma a Legas da Fatakwal ta tsaya. Ebola ba ta zo Arewa ba. Gishirin ne ya zo.

Wani lokaci ji-ta-ji-ta takan samu gindin zama saboda an taɓa cutar jama'a. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani a kan yara. Yara 11 suka mutu cikin kimanin 200 da aka sa a gwajin. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, amma daga baya aka shiga shari'a, ya biya diyya. Don haka da aka ce a 2003 wai allurar shan inna tana hana haihuwa, mutane da yawa suka yarda. Tsoronsu yana da dalili, amma labarin ba gaskiya ba ne. Jihar Kano ta dakatar da rigakafin, sai a watan Yuli na 2004 aka ci gaba. Kafin nan cutar ta ƙara yaɗuwa, ta shanye ƙafafun yara, har ta tsallaka ƙasashen waje. Wa ya biya kuɗin wannan magana? Yaran da ba su ma san an yi ta ba.

Mafi muni shi ne labarin da yake nuna mutum da yatsa. A watan Maris na 2025, wasu mafarauta suna komawa gida Kano daga Fatakwal don yin Sallah. A garin Uromi na Jihar Edo aka tsayar da motarsu, aka ga bindigogin farauta. Sai aka yi ihu wai masu garkuwa da mutane ne. Taro ya afka musu, aka kashe mutum 16. Abin ya yi mana ciwo ƙwarai. Amma mu tambayi kanmu: a kasuwanninmu fa, ba a taɓa yi wa baƙo ihun "ɓarawo" aka rufe shi da duka kafin a ji ta bakinsa ba?

To, me mutum zai yi idan labari ya iso kunnensa? Ya fara tambayar mai ba da labarin, "Kai ka gani da idonka?" Idan ya ce a'a, wa ya gaya masa? Sau da yawa za ka tarar maganar ta tsaya a kan "an ce". Sai kuma ka tambayi wuri da rana. Labarin gaskiya yana da sunan gari da lokaci. Hoton da aka turo maka ta WhatsApp yana iya zama na wata ƙasa, ko na shekara biyar da ta wuce. Muryar da ba a san mai ita ba, ba shaida ba ce. Idan abin babba ne, ka jira labarun rediyo, ka saurari tasha biyu ko uku. Maganar magani kuwa, malamin asibiti za a tambaya. A lokacin zaɓe a ƙara tambaya ɗaya: wa zai ci riba idan na yarda da wannan magana?

Ba muna cewa a yi shiru ba ne. A garuruwan da ɓarayin daji suka addaba, labari da wuri yakan ceci gari guda. Idan ka ga baƙin fuska a kan babura da makamai, kada ka ɓoye. Amma ka kai maganar inda za ta yi amfani: wurin mai unguwa, ko dagaci, ko ofishin 'yan sanda. Akwai kuma lambar kiran gaggawa, 112, a inda waya take shiga. Ka faɗi abin da ka gani kawai, mutum nawa, a ina, da ƙarfe nawa. Kada ka ƙara gishiri.

Idan kuma an kama wanda ake zargi, a miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa. Sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. Duk wanda ya sa hannu aka kashe mutum a cikin taro, ana iya gurfanar da shi da laifin kisan kai, ko da mutum ɗari ne suka yi dukan.