Kafin ka biya kuɗin gida a Bangi, tambayi inda mai shi yake a Disambar 2013

A unguwarmu duk wanda aka san yana karanta Faransanci ba ya rasa baƙi. Ranar wata Asabar bayan La'asar ina zaune ƙofar gida ina duba littattafan ɗalibaina, sai ga wani dattijo, abokin mahaifina, ɗan kasuwa a nan Kilomita Biyar. Ya ciro takarda daga cikin leda ya miƙo mini.

"Malam, duba mini wannan. Gida zan saya wa yara a Miskin. Miliyan biyu da rabi, ɗaki huɗu har da rijiya."

Na karanta. Takardar shaidar ciniki ce, an rubuta da hannu, ga hatimin mai unguwa, ga sa hannun shaidu biyu. Kwanan watan da ke kanta shi ne Maris 2014. Na ce, "Baba, wanda zai sayar maka, shi daga hannun wa ya saya?" Ya ce ai an rubuta. Na ce an rubuta suna, amma shi mai sunan yana ina lokacin da aka ce ya sa hannu? Dattijo ya yi shiru. Mu duka mun san inda yawancin Musulmin Miskin suke a watan Maris na 2014: wasu suna cunkushe a harabar Babban Masallaci, wasu suna bayan manyan motoci a hanyar Garwa-Bulai ko ta Chadi.

Tun harin 5 ga Disamba 2013 aka fara watsewa daga Miskin, Boy-Rabe, Gobongo da sauran unguwanni, kuma kowa ya fita da abin da hannunsa ya iya ɗauka. Gidajen da aka bari, wasu an rushe su har tubali, wasu an shiga an zauna, wasu an sayar da su ba da sanin masu su ba. Yanzu da mutane suke dawowa daga Kamaru da Chadi, sai ka ga gida ɗaya mutum uku na riƙe da takardarsa, kowa da hatimi.

Takardar mai unguwa da takardar gwamnati

Abin da ya fi ruɗar mutanenmu shi ne muna ɗaukar takardar mai unguwa a matsayin ƙarshen magana. A wajen doka, shaida ce kawai cewa an yi ciniki tsakanin wane da wane. Ba ta tabbatar da cewa mai sayarwar shi ne mai gidan. Dokar ƙasa ta 9 ga Janairu 1964 ta ɗauki duk filin da ba a yi wa rajista ba a matsayin na gwamnati. Takardar da ke ba mutum cikakkiyar mallaka ita ce titir fonsiye, kuma hanyarta doguwa ce: ma'aikatan kadastir su auna fili su kafa duwatsun iyaka, a ba ka izinin wucin gadi, ka gina, a zo a tabbatar ka raya wurin, sannan a yi rajista da sunanka. Saboda tsada da yawan zirga-zirga, yawancin gidajen Bangi ba su da ita. Gidan da na tashi a ciki ma ba shi da ita.

To, idan mai sayarwa ya ce yana da titir, kar ka tsaya ga kwafin da ya nuna maka. Ka ɗauki lambar ka je ofishin rajistar filaye a duba: sunan wa ke kai, kuma an jinginar da gidan a banki ko ba a jinginar ba? Irin wannan gida ta hannun notar ake cinikinsa, daga baya a sauya suna a littafin rajista. In ba a sauya ba, kana cikin gidan amma a takarda na wancan ne.

Idan kuma babu titir, aikinka ya ƙaru. Ka nemi duk takardun cinikin baya, ɗaya bayan ɗaya, har ka kai ga wanda ya fara gina wurin. Ka je kadastir a duba ko filin ya faɗa kan hanya ko wurin da aka ware wa gwamnati. Ka zauna da maƙwabta tsofaffi, Musulmi da Kirista, ka tambaye su wa suka sani a gidan kafin rikici. Tsohuwar da ke sayar da gyaɗa a bakin layi ta kan san abin da hatimi bai faɗa ba.

Cinikin da aka yi cikin tsoro

Dokar cinikayya da muka gada daga Faransa ta tsayar da abu biyu da suka shafe mu kai tsaye. Na farko, sayar da abin da ba naka ba ciniki ne ɓatacce. Ko da ka saya da zuciya ɗaya, mai gida na asali na iya kai ƙara ya nemi gidansa, kai kuma sai ka bi wanda ya karɓi kuɗinka, in ka same shi. Na biyu, yardar da aka samu ta hanyar tursasawa ba cikakkiyar yarda ba ce. Mutumin da aka tsare da adda ya sa hannu kan gidansa a kan kuɗin mota yana da hujjar da zai kai gaban alƙali. Sai dai irin wannan ƙara tana da wa'adi, don haka wanda abin ya shafa ya nemi lauya da wuri, kar ya ce sai ƙura ta gama lafawa. Ƙungiyoyin agaji irin su NRC ta ƙasar Norway sun yi aiki a Bangi kan sasanta rikicin gidaje da filaye, kuma sau da yawa zaman sulhu gaban mai unguwa da limami da fasto ya fi kotu sauri.

Nan zan faɗa mana gaskiya, mu ma. Ba mu kaɗai aka ci wa gida ba. Akwai Kiristocin da suka gudu daga gefen Kilomita Biyar suka bar nasu. Wanda ya sayi irin wannan gida da araha yana sane, hukuncinsa ɗaya da wanda ya zauna a gidan ɗan'uwanmu a Boy-Rabe.

Gidan gado

Matsala ta uku a cikin gida take. Uba ya rasu a gudun hijira, babban ɗa ya dawo shi kaɗai ya sayar, alhali uwa da ƙanne mata suna Njamena ba su sani ba. Rabon da malamai suka yi bisa shari'a yana da ƙima a wurinmu, amma ofis da kotu takarda suke nema: shaidar rasuwa, rahoton zaman iyali da kotu ta amince da shi, da takardar da ta lissafa magada. Mai saye ya nemi sa hannun kowane magaji, wanda ke nesa ya aiko da wakilci a rubuce. Idan akwai maraya ƙarami a ciki, kar a taɓa kasonsa sai da izinin alƙali. Wallahi na ga zumunci ya mutu a kan ɗaki biyu.

Sai biyan kuɗi. Mun saba da musafaha da Fatiha, kuma abu ne mai kyau, amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kowane kaso da ka biya a rubuta, da kwanan wata da lambar katin shaidar mai karɓa. Kar ka biya duka sai ka karɓi mabuɗi kuma gidan babu kowa a ciki. Takardun kuma ka ɗauki hotonsu a waya ka tura wa ɗan'uwa da ke wani gari. Mutane da yawa sun rasa hujjarsu a 2014 don ta ƙone tare da akwatin da take ciki.

Dattijon nan bai ji daɗin maganata ba a ranar. Ya ce, "Kai ɗan boko, komai sai kun sa masa wahala." Amma ya tafi Miskin da kansa ya yi tambaya. Bayan mako biyu ya dawo ya zauna kan tabarmata. Ashe mai gidan wani mahauci ne da ya rasu a Kamaru, matarsa da 'ya'yansa biyar suna can, kuma bai taɓa sayar wa kowa ba. Ya samo lambar matar ya kira ta. Ta yi ta kuka, don ta ɗauka gidan ya daɗe da zama kango.

Kuɗinsa na nan bai biya ba. Yanzu shi ne ma yake ta faɗi-tashi wajen mai unguwa don a kira zama. Ranar da zai tafi ya ce mini, "Malam, in an sa rana za ka zo ka karanta mana takardun." Na ce in sha Allahu zan zo, in dai ba lokacin aji ba ne.